Ajiyar Bayanan Kasuwanci a Intanet: Amfaninta da Iyakarta

A 'yan shekarun nan mun ga yadda littafin bashi da na lissafi suka ƙaura daga takarda suka koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Dillalin hatsi, da mai shagon taki, da ma'ajin ƙungiyar manoma, har da ofishin kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, duk sun damƙa wa na'ura sunayen waɗanda ake bi bashi da adadin abin da ya shiga da wanda ya fita. Abin damuwa shi ne, a mafi yawan wuraren nan kwafi ɗaya tak ake da shi, kuma yana cikin na'ura ɗaya.

Ita kuwa na'ura ba ta sallama kafin ta mutu. Ƙurar hunturu na toshe ta, zafin bazara na gasa ta, wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi ko janareta marar daidaito kan ƙona ta nan take. Ga kuma ɓarawo da gobara da ruwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, haka ma ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Kaya dai ana iya sake sarowa, amma wanda lissafin bashinsa ya salwanta sai dai ya dogara da gaskiyar masu bashin.

Maganin da ake yawan ambata shi ne abin da masana ke kira ajiyar gajimare, wato mutum ya aika da kwafin bayanansa ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani da ke wani gari ko wata ƙasa. Idan tasa na'urar ta lalace, sai ya shiga asusunsa daga wata ya sauko da su. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, OneDrive kuma 5, wanda ya ishi lissafin ƙaramin ɗan kasuwa na shekaru masu yawa, muddin bai cika wurin da hotuna da bidiyo ba.

Sai dai a ganinmu kuskure ne a ɗauki wannan hanya a matsayin wadda ta wadatar ita kaɗai. A watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, inda wasu abokan hulɗarsa da ba su da kwafi a wani wuri suka yi asarar bayanansu. A nan gida kuma, an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara a Satumban 2021 saboda dalilan tsaro, sannan yankewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Maris na 2024 ta kawo cikas ga harkokin bankuna. A irin waɗannan ranaku, abin da ke gajimare yana nan lafiya, amma hannu ba ya kai gare shi. Shi ya sa ya kamata a riƙe kwafi uku: ɗaya a na'urar aiki, ɗaya a filas da aka ajiye a wani gida dabam, ɗaya a intanet.

Akwai wata matsala da ta fi shafar ofisoshinmu. Sau da yawa akawu ne ke buɗe asusun da lambar wayarsa da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko layinsa ya ɓata, ko ya riga mu gidan gaskiya, bayanan ofis sun tafi tare da shi. Wajibi ne a buɗe asusun da sunan ofis, kuma jami'ai biyu su san hanyar shiga. Kada a manta cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Muna kuma ba shugabannin sassa da na ƙungiyoyi shawara su ware rana ɗaya a kowane wata, a ɗauki wata na'ura dabam, a sauko da lissafin makon jiya a gaban idonsu, a tabbatar yana buɗewa kuma alƙalumansa sun cika.