Bishiyar Roba Ba Ta Karya Alwala

'Yan uwa masu karatu, ku yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma rikicin kishiyoyi ba. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun watan Disamba na 2024, na haɗiye ya ƙi wucewa. Na san wasu za su ce wance ta fara zaƙewa, to ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Rubutun littafi ba ya riƙe gida, kowa ya sani, shi ya sa nake aikin yankan kati a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Illela. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon silili na zo yi ba. Mu goma sha huɗu ne ma'aikata, Kirista ɗaya ce tak a cikinmu, wata nas 'yar ƙasar Zuru da muke kira Sista. Shekararta tara tare da mu, matan da ta karɓi haihuwarsu tsakanin nan da Birnin Konni Allah kaɗai Ya san yawansu.

Saura mako guda Kirsimeti ta zo da wata 'yar bishiyar roba da ba ta kai kamu ɗaya ba, da 'yan fitilu masu ƙyalli, ta ajiye a kan teburinta a ɗakin nas-nas, ba ma inda majinyata ke layi ba. Kwana biyu sai wani mai jinya ya leƙa, ya ɗaga murya ya ce, "Wanga abu hwa? Asibiti munka taho ko coci?" Kafin la'asar manaja ya kira ni, da yake ni ce mai buga takardu a kwamfuta, ya ce, "Malama, buga mini sanarwa." Abin da ke ciki shi ne, daga yau an hana kowane ma'aikaci, ko wane addini yake bi, kawo kayan adon bukukuwan addini wurin aiki, domin zaman lafiya da mutunta juna. Ni na buga, ni na manna a bango da hannuna, ban ce uffan ba. Sista ta karanta, ta naɗe bishiyarta a leda, da na bi ta da kallo sai ta ce, "Ba komai, Yaya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

To jama'a ku taya ni dubawa. An ce doka ce ta kowa da kowa, amma a bangon da na manna sanarwar akwai kalanda mai hoton Ka'aba, tana nan har gobe. Tabarmin sallarmu suna jingine a baranda, butocinmu a jere a bakin famfo. Da azumi rediyon ɗakin kati tafsiri yake yi, kuma tun kafin la'asar muke sulalewa gida girkin buɗa-baki. Ranar Juma'a mazan duk su watse su tafi masallaci. Duk waɗannan ba su shiga sanarwa ba, kuma ni ban ce a saka su ba, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, mu addininmu yana cikin bangon asibitin da agogonsa, mun saba da shi har ba ma ganinsa. Ita kuwa nata 'yar bishiya ce ta mako biyu a shekara. Dokar da aka ce ta hau kan mutum goma sha huɗu, mutum ɗaya ta ciza.

Kuma wa ke riƙe asibitin idan mun watse? Sallah ƙarama da babba, shekara tara, Sista ce a bakin aiki dare da rana, muna gida muna suyar nama. Ba ta taɓa cewa a rubuta mata wannan a takarda ba. Mukan kai mata naman layya ta karɓa da hannu biyu, ta yi mana barka da Sallah. Ashe duk wannan bai sai mata wurin ajiye bishiya a kan teburinta ba?

Abin haushin ma, mu ne muka fi kowa sanin irin wannan dabara, don a kanmu aka fara gwada ta. A 2004 Faransa ta yi dokar hana sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati. Su ma cewa suka yi ta kowa ce, ta haɗa da babban gicciye da hular Yahudawa, amma babu wanda ya ruɗu a cikinmu, mun san hijabin 'yan mata Musulmi aka nufa, muka yi ta Allah wadai. A nan gida, a Disamban 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, aka ce ai ƙa'idar tufafi ce ta kowa. Sai a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta, muka yi ta murna. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin bin addininsa da bayyana shi, da shi aka kafa mana hujja. Shin an rubuta a cikinsa cewa idan ya ƙetaro Kwara ya iso Sakkwato ya daina aiki? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a gida. Na farko, wai malamai sun hana Musulmi shiga bukukuwan wasu addinai. Na ji, kuma ni ba malama ba ce, iyakata sakandare da Islamiyya, ba zan yi jayayya da masu ilimi ba. Amma wa ya ce ka shiga? Ba a ce ka sayi bishiya ba, ba a ce ka yi waƙa ba, ko barka ba a tilasta maka ka yi ba. Shiga biki daban, ƙyale mai biki ya yi bikinsa daban. Ka wuce ta gaban teburin da alwalarka, ka je ka yi sallarka, babu abin da ya ragu. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta yi mana bayanin kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Malaman sira irin su Ibn Ishaƙ sun kawo cewa da Kiristocin Najran suka zo Madina, lokacin ibadarsu ya yi, a cikin masallacin Manzon Allah (SAW) aka bar su suka yi. Imanin da 'yar fitila mai batir za ta girgiza, mai shi ya binciki kansa.

Na biyu, wai manaja gudun fitina ya yi. Wannan kam ban raina ba. Duk wanda ke jihar nan a watan Mayu na 2022 ya san abin da ya faru da Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da dokar hana fita da aka sa a birnin Sakkwato bayan nan. Tsoro gaskiya ne. Amma ku lura da wanda aka sa ya biya kuɗin tsoron. Mai ɗaga murya ya tafi gida da nasara, wadda ba ta yi wa kowa komai ba ita aka ladabtar. Gobe idan ya dawo ya ce sarƙar wuyanta ba ta yi masa ba fa? Jibi ya ce sunanta? Da manaja ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, wannan baiwar Allah ita ta kwana a kan matarka jiya, teburinta ne, yi haƙuri," na rantse da maganar ta mutu a nan. Malam Abubakar Abdullahi, limamin wani ƙauye a Barikin Ladi, a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai. Mu tsayawa a gaban mutum ɗaya mai faɗa da baki ta gagare mu.

Mu mutanen bakin iyaka bai kamata a koya mana wannan ba. Idan ciwo ya yi tsanani mutanenmu kan ƙetara su tafi asibitin Galmi a Nijar, wanda 'yan mishan suka buɗe tun 1950, babu mai tambayar abin da ke rataye a bango kafin a yi masa aiki. Shanu da albasa da ake lodi daga yankin nan Legas da Anacha da Fatakwal suke nufa, kuma a can 'yan uwanmu su ne 'yan tsiraru, su ne masu neman a bar musu gefen rumfa su shimfiɗa tabarma. Duk ranar da aka manna musu takarda cewa an hana kowa da kowa ibada a kasuwa, da wane baki za mu yi magana? In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba na kiran a cire kalanda, ba na kiran a kashe tafsiri, kada a juya mini magana. Share wurin aiki daga alamar kowane addini tsarin Faransa ne, ba namu ba, gwamnatin ƙasar nan ma hutu take bayarwa na Sallah da Mauludi da Kirsimeti da Ista. Namu shi ne kowa ya zo da abinsa daidai misali, kada ya tare hanya, kada ya hana aiki, kada ya tilasta wa wani. Mai rinjaye kuma shi ke da nauyin faɗaɗa tabarma, tunda shi ne mai masauki.

Sista ta fara zancen neman aiki a Birnin Kebbi, ta ce don ta matsa kusa da gida. Ba ta ce saboda bishiya ba ne, ni ma ban tambaya ba. Na dai je na sami manaja na ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan da na buga ina neman a cire ta, in kuwa za a sake irinta a nemi wani ya buga." Ya ce zai duba. Takardar tana nan a bango, gefenta ɗaya ya ɓanɓare, kullum sai na gan ta idan zan ɗauki buta.

Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini da hujja, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon yin adalci ko da a kanmu ne. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ci gaba da labarinmu daga inda muka tsaya. Wassalam.