A Bar Mujiya Ta Yi Mana Gadin Rumbu

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, ga ɓera kuma ya dame mu. Wasu sun kawo shawara a ɗebi kuɗin ƙungiya a sayo maganin ɓera a barbaɗa ko'ina. Mu dai ba mu goyi bayan wannan ba, kuma dalilinmu shi ne mujiya.

Mun san abin da ake faɗa a kanta. In ta yi kuka a kan ɗaki, sai a ce mugun abu ne, a tura yara da danƙo. Amma ku je gindin kukar da take wuni a ciki, za ku ga 'yan dunƙulen da take amayarwa. Ku fasa ɗaya da tsinke. Gashin ɓera ne da ƙasusuwansa. Aikin da take yi mana ke nan kowane dare, ba ko sisi.

Ga inda lissafin yake. Ɓeran gona, mai nonuwa da yawan nan, cikinta wajen kwana 23 ne, kuma takan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a ciki ɗaya. Mujiya kuwa ƙwai huɗu zuwa bakwai take yi, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan yi ta layi a fili, mujiya ko shaho ko kyanwa su ɗauke shi, su ma gubar ta kama su. To, in duka biyu suka ragu, wa zai riga dawowa? Ɓera mana. Ya dawo kuma ba mai tsare shi.

An taɓa yin irin wannan kuskure a ƙasar Sin. A 1958 hukuma ta sa jama'a su kashe tsuntsayen gwara don suna cin hatsi. Ashe suna cin ƙwari ma. Da suka ragu, fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki, abin ya haɗu da wasu matsaloli, aka yi yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. A 1960 aka dakatar da kashe tsuntsayen.

Ba rumbu kaɗai ke cikin hatsari ba. Wannan ɓeran shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci sun isa su kwantar da gida.

Don haka muna roƙon kowace ƙungiya ta kawo maganar nan a taronta na gaba. Kuɗin gubar a sayi tarko da shi, a liƙe ramukan rumbu, a nome ciyawar da ke kewaye. Tsohuwar bishiya mai kogo kada a sare ta, a kuma ja wa yara kunne su bar harbin mujiya.