Kafin Mu Fasa Ƙofa ta Lungu

A wannan wata za mu tattauna ne a kan abin da kowa ke gani a unguwanninmu na Gadarif, wato yanke wani ɓangare na gida a gina ɗan ƙaramin sashe mai ƙofarsa ta lungu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum a watan Afrilu na 2023, sa'an nan Madani ta faɗi a Disamba na 2023, baƙi suka cika garin nan, kuɗin haya ya hau, kowane maigida ya fara duban ƙuryar gidansa da sabon ido. Wani ɗansa zai yi wa aure, wani 'yar'uwarsa ce ta dawo da marayu, wani kuwa haya yake so ya zuba. Niyya ce mai kyau, amma gini ba ya tsayuwa da niyya kaɗai.

Farkon abin lura ita ce ƙasar da muke kai. Baƙar lakar nan da ke ba mu dawa da riɗi, ita ce kuma babbar abokiyar gabar bango. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsage har mutum ya iya zura hannu. Ginin da ke kanta sai ya riƙa ɗagawa yana sauka kowace shekara. Ba don rashin wayo ba ne mutanen da suka cika garin nan da guɗɗiya, domin bukka ba ta da nauyi, ƙasa ta motsa ita ma ta bi ta. Jan bulo kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Saboda haka wanda zai yi ginin bulo kada ya yi rowa a harsashi. A haƙa da zurfi, a kwashe lakar, a cika da yashi da tsakuwa a daddaɓe, a zagaya da ɗamarar kankare da rodi a ƙasa, a sake wata a saman tagogi. Gara ɗaki ɗaya mai mita 4 a kan 4 da rumfa a gabansa, da ɗakuna 2 da za su dare a damina ta uku.

Na biyu shi ne ruwa. Duk abin da zai jiƙa gefe ɗaya na harsashi ya bar ɗayan a bushe, shi ke karya gini. To, a ɗaga daɓen ɗaki sama da lungu, musamman ga waɗanda ke kusa da Kor Abu Farga, a yi dakali kewaye da bango don ruwa ya gangara nesa. Kada a dasa darbejiya a gindin bango, saiwarta tana zuƙe danshi. Ramin masai kuma a nisanta shi da harsashi da wurin ajiye ruwan sha. Ba mu manta da kwalarar da aka bayyana a jihar nan a Satumba na 2023 ba. Ƙarin mutane a gida ɗaya, ƙarin ganguna ke nan, ganga marar murfi kuwa gidan sauro ce. Tagogi a fuskantar da su arewa da kudu, ta nan iskarmu ke zuwa, rana kuma ba za ta dafa mai ɗaki ba.

Na uku, haƙƙin maƙwabci. Lungu na kowa ne. Idan kowa ya ci taku ɗaya don ƙara faɗin ɗaki, ran da gobara ta tashi, ko aka zo fitar da gawa ko mace mai naƙuda, sai mu rasa hanya. Kada indararo ya zuba a bangon wani, kada taga ta leƙa tsakar gidan wani, kada sabuwar ƙofa ta dubi tasa kai tsaye. Kafin a sa diga, a je a gaisa da shi a gaya masa. Sallama ba ta cin ko fam ɗaya.

Na huɗu, kuma shi ya fi raba zumunci, takarda. Gidajenmu da yawa gado ne da ba a raba ba. Wa ya kashe kuɗinsa ya gina sashe, bayan rasuwar tsoho sai ƙanne su ce fili na kowa ne, shi kuma ya ce bulo nasa ne. Maganin wannan a zauna tun tsoho na da rai, a rubuta wanda ya ba da wuri, da wanda ya biya, da ko kyauta ce ko aro, shaidu su sa hannu. A nemo shahadar bahas daga ofishin filaye a ga sunan da ke kai, a kuma karɓi izinin gini daga mahaliyya. Mu da kakanninmu suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna nan tun kafin a haifi iyayenmu, mun san yadda ake yi wa marar takarda tambayar da ba a yi wa wani.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu muhalli mai albarka da maƙwabta nagari. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.