Ba takalmi ne ya yi Balogun ba

Duk lokacin da siyasa ta kusa, samarinmu na ƙauyukan Gwandu da Kalgo sun san abin da ke tafe. Za a zo da buhun riguna masu hoton ɗan takara, da ƙwallo biyu ko uku, wani lokaci har da takalma, a ɗauki hoto a watse. Da wannan ake cewa an bunƙasa wasanni. Ni ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin rayuwar wani ɗan wasan gaba da ya rasu tun kafin a haifi iyayen yaran da ke taka leda a ƙauyen Wurogauri yau.

Sunansa Teslim Balogun, an haife shi a Legas a 1927. Saboda ƙarfin bugunsa aka laƙaba masa Thunder, wato aradu, har mutane suka riƙa ƙirƙiro labarin cewa ƙwallonsa ya taɓa huda cikin gola. Wannan kam tatsuniya ce, amma tana nuna irin tsoron da masu tsaron gida ke yi masa. Ya buga wa ƙungiyoyin ma'aikatu na wancan zamani, irin su ta jirgin ƙasa da ta kamfanin UAC, inda saurayi ke samun aikin yi da safe ya fita atisaye da yamma a ƙarƙashin wanda ya san wasan.

A 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, shi ne karon farko da Najeriya ta fitar da tawagar ƙasa. Balogun yana ciki. Yawancinsu ba takalmi suka shiga fili, sai ƙyalle da suka naɗe ƙafa da shi, kuma a haka suka lallasa ƙungiyar Marine da ci 5 da 2 a wasan farko. Masu son labari a nan suke tsayawa. Sai dai a wani wasan na wannan tafiya an zura musu 8 ba ko ɗaya, domin sun gamu da mutanen da aka koya wa tsayuwa a fili da rarraba ƙwallo tun suna yara. A hanyar dawowa suka tsaya Saliyo suka ci 2 da nema.

Mu 'yan Arewa muna da rabo a labarinsa. A 1951 Balogun ya buga wa Jos, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, ƙungiyar jirgin ƙasa ta Legas ta doke su 3 da 2. Bayan shekara biyu, a 1953, Kano ta ɗauke kofin, kuma shi ne karon farko da ya bar Legas tun da aka fara gasar a 1945. Wannan abin alfahari ne da ya kamata a ce kowane yaro mai son ƙwallo a Arewa ya taso da shi.

A 1955 Balogun ya koma Ingila, ya sa hannu a Peterborough United, sannan ya buga wa Queens Park Rangers a kakar 1956 zuwa 1957. Ba shi ne ɗan Afirka na farko a can ba. Tun a 1911 wani ɗan Masar, Hussein Hegazi, ya buga wa Fulham wasa ɗaya kuma ya ci ƙwallo a ciki. Abin da ya ɗaga darajar Balogun a wurina shi ne abin da ya dawo da shi gida, wato takardar shaidar horar da 'yan wasa. Ya zauna a Yammacin Najeriya yana koyarwa, kuma yana cikin masu horar da tawagar da ta je gasar Olamfik ta Meziko a 1968, inda Najeriya ta yi kunnen doki 3 da 3 da Birazil. Ya rasu ranar 30 ga Yuli, 1972, yana da shekara 45. Filin wasan da ke Surulere a Legas sunansa yake amsawa.

Mutumin da ya ci Turawa da ƙafa tsirara ya ga da idonsa cewa baiwa kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa ya nemi ilimin abin. To mu me muka bai wa namu? Yaron Wurogauri yana da gudu, yana da numfashi, aikin gona ya gina masa jiki tun yana ƙarami. Amma wa zai ce masa ɗaga kai kafin ka buga? Wa zai nuna masa yadda ake kuɓuce wa ɗan baya ba tare da an yi satar gida ba? Abin da ya gani a gidan kallo da dare shi yake kwaikwaya washegari, daidai ko kuskure. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ya kai ashirin da ɗoriya da munanan ɗabi'un wasa, ko an kai shi gwaji filin Haliru Abdu a Birnin Kebbi, sai dai ya dawo.

Kuɗin buhun riguna ɗaya zai taimaka wajen tura malamin firamare kwas ɗin horarwa na matakin farko. Malamin yana nan cikin garin, ya san yaran, ya san iyayensu, ba zai gudu ba idan zaɓe ya wuce. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi, su zaɓi malami ɗaya a kowace mazaɓa su tura shi wannan kwas, sannan su kafa gasar makarantu da za a riƙa yi kowace shekara bayan an kawar da amfanin gona, a kuma rubuta sunan duk yaron da ya buga da yawan ƙwallayen da ya ci.