Kumburin ƙafar yaro ba ƙiba ba ce

A karkarar Deule, cikin gundumar Buza, idan damina ta yi nisa rumbuna suka ƙare, akan ga yaro ƙafafunsa sun cika, fuskarsa ta yi suntum, har iyaye su zaci ƙiba ce. Alhali kuwa tamowa ce mai kumburi, wadda likitoci ke kira kwashiyoko. Mutanen Adar da suka ga yunwar 2005 sun san kamanninta.

An daɗe ana cewa ƙarancin abinci mai gina jiki ne kaɗai sanadinta. Amma a 1987 likita Michael Golden, mai aiki a Jamaika, ya jawo hankali ga wani sinadari da ya yi ƙaranci a jinin yaran da suka kumbura. Sunansa gulutatiyon.

Jiki da kansa yake haɗa wannan sinadari, musamman a hanta, daga abubuwa 3 da yake samu a cikin abinci. Wanda ya fi wuyar samu shi ne sistin, mai ɗauke da farar wuta, kuma ya fi yawa a ƙwai, madara, kifi da nama. Aikin gulutatiyon shi ne tsaron ƙwayoyin jiki daga gubar da ke tasowa yayin da jiki ke ƙona abinci ko yake yaƙi da cuta, kamar yadda fenti ke tsare ƙarfe daga tsatsa. Ƙyanda, zawo da zazzaɓin cizon sauro suna ƙara wannan guba. In abinci ya gaza, mai tsaron ma sai ya gaza.

Shin garin magani zai maye gurbin akushi? An jarraba a Malawi, aka bayyana sakamako a 2005: yara fiye da 2000 aka gwada, kuma garin bitamin da aka ba wasunsu bai hana su kumbura ba.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke kai ƙwai da awaki kasuwar Madawa ya rage wa yaran gida rabonsu, a kuma zuba nono cikin kunun gero. Uwa ta danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbin yatsa ya zauna, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira ranar kasuwa.