Hannun dama a ɗaure, bindiga a ƙugu

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganar ta shafi wani al'amari da ba a cika tattauna shi a fili ba tsakanin fataken Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, ko da yake ya shafi rai da dukiya. Shi ne halin mutumin da ke da izinin riƙe ƙaramar bindiga, wadda ake kira pistole, sai ƙaddara ta faɗa wa hannunsa na dama. Faɗuwa daga kabu-kabu, ko buhun albasa da ya zamo daga kan mota a Galmi, ya isa ya karya hannu. Mai ɗori ya ɗora, ko likita ya naɗe a asibitin Ƙonni ko na Galmi, a rataye hannun a wuya. Kasuwa kuwa ba ta jiran marar lafiya. Sai mutum ya mai da bindigarsa ɓangaren hagu, ya kama hanya, yana zaton tsaronsa na nan yadda yake.

Ba a ganin laifin mai jin tsoro a wannan yanki. Ƙonni na bakin iyaka da Illelar Sakkwato, kuma kuɗin albasa, na dabbobi da na canji tsakanin sefa da naira suna yawo hannu da hannu daga Tsarnawa zuwa Badagishiri. Cikin watan Oktoba na 2020 ƴan bindiga sun sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata, dab da Ƙonni, suka ƙetara da shi Nijeriya, sai da sojojin Amurka suka ƙwato shi bayan ƴan kwanaki. Wanda ya ji wannan labari, in ya ƙi rabuwa da makaminsa, yana da hujjar da za a saurara. Sai dai tsoro ba ya ƙara wa hannu ƙwarewa.

Ƙaramar bindiga ta fi doguwa wuyar sarrafawa, domin ba ta da gindin da ake dafawa a kafaɗa, hancinta kuma gajere ne; ɗan karkacewa kaɗan a wuyan hannu kan zama babban kuskure a wurin da harsashi zai sauka. Shi ya sa ake koya wa soja da jandarma riƙe ta da hannu biyu. Irin wadda ake ja da baya kafin ta ɗana, hannu guda ke riƙewa, ɗayan ya ja. In ta cije, hannu biyu ke gyara ta. Yawancinsu ma don na-dama aka ƙera su. Wanda tun yana yaro aka hana shi ci da hagu, aka hana shi karɓa da hagu, ba zai mai da wannan hannu gwani cikin mako biyu ba, balle a lokacin firgita, sa'ad da jiki ke rawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma sha'anin jiki. Karayar dantse ko sangalin hannu ga babban mutum kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ƙashi ya kama, wani lokaci fiye da haka, kuma ranar da aka kwance ɗori hannun kan fito a rame, gaɓoɓi sun sandare, sai an yi makonni ana motsa shi kafin ƙarfin damƙa ya dawo. Maganin kashe zafi mai ƙarfi, irin su tramol, yana kawo gyangyaɗi, yana rage saurin hankali. Mai zafin ciwo, da rashin barci, da magani a ciki, ba shi ne ya kamata ya yanke hukuncin harbi cikin ƙiftawar ido ba.

Mafi muni, ɗaurarren hannu alama ce da ɓarawo ke gani daga nesa. Mai hannu biyu in an cafke shi, yana iya ture mutum da ɗaya ya tsare ƙugunsa da ɗayan. Mai hannu guda ba ya iya yin duka biyun. Ta haka bindigar da aka saya don tsaro kan koma hannun wanda aka saye ta dominsa, ta ƙaru cikin makaman da ke yawo a daji. Masu fashin iyaka kuma ba su zuwa ɗai-ɗai. A kan babura suke zuwa, da kalashinkof. Ganin pistole a hannun da ke karkarwa na iya mai da fashi ya zama kisa.

Doka ma tana da abin faɗi. A Nijar, izinin riƙe bindiga daga ofishin ministan cikin gida yake fitowa, kuma da sunan mutum guda ake rubuta shi. Saboda haka shawarar nan ta a ba yaron kanti ko direba ya riƙe kafin maigida ya warke, jefa mutum biyu ne cikin laifi. Kundin hukunta laifuka ya yarda da kare kai idan hatsarin yana gaban mutum a lokacin, amma bai wanke wanda harsashinsa ya kauce ya sami mai tallar fura a tasha ba. Wannan zai tsaya gaban alƙali bisa kisa ko rauni na ganganci, kuma ciwon hannunsa zai zama shaida a kansa, tunda ya san halin da yake ciki ya fito da makami. Takardar Nijar kuma ba ta aiki bayan an wuce duwan: dokar makamai ta Nijeriya, ta 1959, ta sa pistole da libarba cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su. Wanda bindigarsa ba ta da takarda tun farko, hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, wadda aka kafa a 1994, don irinsa aka yi ta.

Abin da ya fi dacewa da mai karaya shi ne ya cire harsasai, ya kulle bindiga wuri guda, harsasai wuri dabam, inda yara ba su kai, ya bar ta nan har hannu ya dawo. Tsaronsa na waɗannan makonni ya nemo shi ta wata hanya. Kuɗi masu yawa a tura su ta banki ko ta gidajen aika kuɗi irin su Al Izza da Nita, a ɗauki rasit cikin aljihu maimakon damin sefa. A yi tafiya da rana, cikin ayarin abokan sana'a, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A rage faɗin ranar tafiya da adadin ciniki a majalisa. In da hali, a wakilta ɗa ko amintacce ya ci kasuwa biyu ko uku. Ma'aikacin gwamnati da ke ɗaukar kuɗin hukuma kuwa, ya sanar da shugabansa a rubuce, ya nemi rakiyar jandarma ko a ba wani aikin, domin babu abin kunya a ciki.

Bayan an kwance ɗori, likita ne zai ce hannu ya warke, ba zuciyar mai shi ba. Ribar kasuwa takwas da aka rasa ana mayar da ita a kakar albasa mai zuwa, amma ran da harsashin kuskure ya ɗauka ba ya dawowa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye matafiya.