Masu fataucin hotuna: ribarmu a hanya take fashewa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Jibiya, ko ta Illela, ko babbar kasuwar Maraɗi, ba zai rasa ganin rumfunan masu hotuna ba: hoton Ka'aba da na Masallacin Annabi (SAW), hoton Shehu Ibrahim Inyass, na sarakuna da na ƴan kokawar da suka ɗauki takobi, an jera su cikin firam, gilashi sai walƙiya yake. Sana'a ce ta rufin asiri, domin kuwa da wuya a yi wa amarya jere, ko alhaji ya dawo daga Makka, ba a nemi abin ratayawa a bango ba. Sai dai mu da ke cikin harkar mun san inda gizo ke saƙar. Wani kaso na ribar a hanya yake fashewa, abin da ya tsira kuma rana ta cinye shi.

Mutum zai sari hotuna a Kano an riga an sa musu katako da gilashi, a kwantar da su cikin katan ɗaya bisa ɗaya, a ɗora buhuna a kai, mota ta kama hanyar Katsina zuwa Ɗan Isa tana faɗawa ramuka, kowane shinge kuma sai an kwance kaya an sake ɗaurewa. Masu sayar da gilashin taga ba su taɓa kwantar da shi a mota, a tsaye suke jingina shi, don sun san halinsa. Mu kuwa mun ɗauke shi kamar bokitin roba. In gilashi ya fashe ba shi kaɗai ke tafiya ba, sai ya yanke hoton. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne dalilinmu na biyan kuɗin mota da na duwan a kan nauyin katako da gilashi, alhali akwai kafintoci da masu yankan gilashi a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram?

A ganinmu takardar hoton kaɗai ya kamata ta ƙetare iyaka. A shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, a sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a rufe da leda saboda ƙura da ruwa. Kada a yi amfani da tsohuwar jarida, tawadarta na kama fuskar hoto, takardarta kuma na sa shi ya koma ruwan ɗorawa. Hoto ɗari da aka shirya haka, mutum ɗaya zai rungume shi a gaban mota. Idan ba mu manta ba, Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 sai a 2024 aka buɗe. A irin wannan lokaci katan ɗin gilashi ba ya bin hanyar daji a bayan babur.

Sai maganar tawada, wadda ita ce ta fi ɓata mana suna. Akwai mai araha wadda take kamar rini, akwai kuma mai garin launi wadda ta fi jure rana. Mai arahar, ja da rawaya ne ke fara guduwa, shi ya sa za ka ga koren ƙubbar Madina ya koma shuɗi-shuɗi tun hoton na rumfa. Kafin ka sari da yawa, karɓi guda, rufe rabinsa da kwali, ka bar shi a rana mako biyu, ka buɗe ka gani da idonka. Haka nan manna hoto jikin gilashi: damina na sauka, laima ta shiga, sai fuskar hoton ta liƙe. Maganinsa kwali ne da ake yanke wa taga a tsakiya, a sa shi tsakanin hoton da gilashin. Mu kuma tuna cewa da yawa daga cikin kayanmu na ɗauke da ayoyi da sunayen Allah. Ranar da suka koɗe, a bola ake tsintar su, kuma mu muka sayar.

Za a ce mai saye araha yake nema. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Seydou Keïta da Malick Sidibé masu shagon ɗaukar hoto ne a Bamako, irin na unguwa. Da aka sake wanke hotunansu a takarda mai kyau, suka sa hannu a kai, sai ga su ana saye a Paris da New York, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007. Mu ma muna da hasumiyar Agadas, da raƙuman dawa na Kure, da hawan salla, da samarin da ke ɗaukar su da kyamarori masu kyau. Abin da muke yi shi ne mu ciro hoton daga WhatsApp, wanda ya riga ya rage masa ƙarfi, mu buɗa shi ya yi dishi-dishi, sunan mai shi ma babu. A nemi mai hoton, a biya shi, a karɓi na asali, a rubuta sunansa da wurin da shekarar a baya. Ofisoshi da otal-otal da ƴan uwanmu mazauna waje wannan suke nema, na talaka kuma yana nan a gefe da farashinsa.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da su zauna da kafintoci kafin alhazai su fara dawowa, a tsayar da awo biyu ko uku, misali A4 da A3, domin a yanka gilashi da katako a ajiye tun kafin takardun su iso.